Yadda Ake Horo da Shiga Gasar Tseren Taswira Daga Katsina

Tseren taswira, wanda ake kira oriyantiyarin a ƙasashen Turai, gudu ne da ake miƙa wa mutum taswira a saki shi shi kaɗai da kamfas ɗinsa, ya nemo tashoshin da aka kafa a daji ko cikin gari bi da bi ta hanyar da ya zaɓar wa kansa, kuma wanda ya kammala cikin mafi ƙarancin lokaci shi ya ci. Ya samo asali ne daga horon soja a Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, an yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897, aka kafa hukumarsa ta duniya mai suna IOF a 1961, sannan aka yi gasar duniya ta farko a Finlan a 1966.

Na daɗe ina wannan wasa, ina kuma kafa wa matasa tashoshi a Katsina da Daura, kuma abin da na tabbatar shi ne ƙarfin ƙafa bai yi mana ƙaranci ba. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne gudun da ya wuce abin da idonsa zai iya karantawa a takarda. Saboda haka na fara da aikin kai kafin na jiki, kuma ina so ka bi matakan yadda na jera su.

Kayan da za ka tanada

Taswira ce a kan gaba, kuma ba kowace iri ba, domin ta wannan wasa tana da ƙa'idar launi da alamomi guda ɗaya a duk duniya. A nan wajenmu galibi kai za ka zana taka. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna OpenOrienteering Mapper, wadda za ka ɗora hoton tauraron ɗan'adam a cikinta ka bi gine-gine da katangu da hanyoyi da manyan itatuwa ka zana, sannan ka buga ka fita da ƙafa kana gyarawa da fensir. Kada ka tsallake wannan fita, domin hoton sama yakan tsufa, katangar da aka gina bara ba lalle ta fito a cikinsa ba, kuma ƙofar da take buɗe a hoto wataƙila an toshe ta da bulo. Harabar makaranta guda ta isa a fara da ita. Ka buga da launi, ka sa a farar leda saboda gumi.

Kamfas iri biyu ne: mai faranti, wanda ya fi sauƙin koyo, da na babban yatsa, wanda akasarin ƙwararru suke ɗaurawa a hannun da ke riƙe da taswira. Akwai abin da masu saye daga waje ba su cika sani ba. Ana daidaita nauyin allurar kamfas ne gwargwadon yankin duniyar da za a yi aiki da shi, don haka wanda aka yi wa arewacin Turai yakan karkata a nan ya riƙa gogar gidansa yana jinkirin tsayawa. Ka nemi wanda aka yi wa yankin tsakiyar duniya, ko wanda aka rubuta cewa yana aiki ko'ina. Idan babu ko ɗaya, kamfas ɗin duba alƙibla ko na wayar hannu zai yi maka wajen koyon daidaita taswira, amma ba a shiga gasa da waya.

Takalmi ya zama mai haƙora a ƙasa kuma mai kauri, domin tsaida da ƙayar bagaruwa suna huda sirarin tafi. Ka sa dogon wando marar nauyi da doguwar safa saboda ƙarangiya, ka rataya usur, ka ɗaura agogo. Tutar tasha fuska uku gare ta, kowace fuska santimita 30 tsawo da fāɗi, an raba ta a karkace rabi fari rabi ruwan lemo, kuma kowane tela zai ɗinka maka ita a kan zoben waya. A manyan gasa akwai na'ura a kowace tasha, ta kamfanin SPORTident ko Emit, wadda ke rubuta lokacin isowarka a ɗan katin da ke yatsanka. Idan babu ita, ka rubuta haruffa biyu daban-daban a jikin kowace tuta, mai gudu ya kwafa a takardarsa a matsayin shaidar ya je.

1. Ka koyi karanta taswira a zaune

Fara da launuka. Fari daji ne mai itatuwa wanda ake iya gudu a cikinsa, kuma a nan sababbi suka fi yin kuskure, domin suna ɗauka fari fili ne. Fili rawaya ne. Kore duhuwa ce da ke rage gudu, kuma gwargwadon duhun koren gwargwadon wuyar ratsawa. Shuɗi ruwa ne, kamar tafki da rafi da fadama da rijiya. Baƙi na duwatsu ne da hanyoyi da abin da ɗan'adam ya gina. Ruwan ƙasa na siffar ƙasa ne, wato tudu da kwari da rami da kwazazzabo. Kore mai ruwan zaitun kuwa wuri ne da aka haramta shiga, irin su gidajen mutane da lambuna, kuma taka shi yana sa a soke tseren mutum baki ɗaya. Ana buga tsarin tseren da shunayya: alwatika ce mafari, da'ira tasha, da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya kuma ƙarshe. Abin da kake nema yana tsakiyar da'irar daidai.

Daga nan sai ma'auni. A taswirar 1:15,000, wadda ake dogon tsere da ita, santimita ɗaya mita 150 ce a ƙasa. A 1:10,000 ta matsakaicin tsere, mita 100 ce. A 1:4,000 ta gajeren tseren cikin gari, mita 40 ce. Ka haddace waɗannan har su zama jiki, domin wanda ya saba da ɗaya ya koma wata ba tare da ya lura ba, ko dai ya wuce tasha ko ya tsaya nema tun bai kai ba.

Layukan tudu su ne abin da ya fi ba mutumin Katsina wahala, kasancewar ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Kowane layi mai ruwan ƙasa yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne, kuma tsakanin layi da layi galibi mita 5 ne a taswirar daji, mita 2 ko 2.5 a ta gari. Ka ɗauki tudu kamar faya-fayan da aka jera ƙarami bisa babba, kana kallonsu daga sama: bakin kowane faifai shi ne layi guda. Inda layuka suka matsu da juna hawan yana da tsanani, inda suka yi nisa kuma sassauƙa ne. Waɗannan layuka sun fi komai amana a taswira, domin ana sare itace, hanya tana mutuwa, amma tudu yana nan inda yake.

2. Ka daidaita taswira, ka ɗora yatsa

A kan taswira akwai siraran layuka da suka miƙe daga kudu zuwa arewa, kuma an zana su ne su yi daidai da inda allurar kamfas take nunawa, saboda haka babu wani lissafin gyara da za ka yi. Ka riƙe taswira a kwance a gabanka, ka juya har jan kan allura ya bi waɗannan layuka zuwa arewar takarda. Yanzu abin da ke hagunka a ƙasa shi ne a hagu a takarda. Duk lokacin da ka sha kwana, takarda tana nan tana fuskantar arewa, kai ne kake zagaya ta, ko da kuwa rubutun ya koma a kife.

Ka ninke taswira ta zama ƙarama yadda babban yatsanka zai kai inda kake tsaye, ka riƙa matsar da shi duk sa'ad da ka wuce wata alama. Ka yi wannan da tafiya tukuna na 'yan makonni, kana faɗa a ranka abin da za ka gani nan gaba kafin ka gan shi. Wanda yake duba takarda don ya tabbatar da abin da ya riga ya wuce, kullum a baya yake. Ƙwararre abin da ke gabansa yake karantawa.

3. Kamfas da ƙidayar taku

Idan kamfas mai faranti ne, ka ɗora gefensa daga inda kake zuwa inda za ka, kibiyar faranti tana kallon inda za ka. Ka murɗa zoben har layukan cikinsa su yi daidai da layukan arewa na taswira, alamar arewa ta zoben tana kallon saman takarda. Sai ka juya jikinka har jan allura ya zauna cikin kibiyar zoben. Ka ɗaga kai ka zaɓi abu mai nisa da ke kan wannan saiti, gawo ko kuka ko kan dutse, ka ruga zuwa gare shi, in ka isa ka sake zaɓar wani. Kada ka yi gudu kana kallon allura, domin za ka yi ta karkacewa ba ka sani ba. Na babban yatsa ba ya buƙatar murɗa komai, sai dai ka ɗora shi a kan layin tafiya ka juya jiki har allura ta bi layukan arewa.

Kuskure mafi muni shi ne juya arewa ta koma kudu, mutum ya yi ta gudu yana ba tasha baya, kuma yakan faru ne a lokacin fita daga tasha cikin gaggawa. Na biyu shi ne ƙarfe: waya a aljihun ƙirji, ƙofar ƙarfe, mota, ko manyan wayoyin lantarki duk suna jan allura. Ka kuma san iyakar kamfas. Karkatar digiri 5 kawai a tafiyar mita 300 tana kawar da kai kusan mita 26 daga inda ka nufa, wanda ya isa ka wuce rami ba ka gan shi ba.

Domin sanin nisan da ka ci, ka auna mita 100 a fili, ka ƙidaya sau nawa ƙafarka ta dama take taka ƙasa idan kana gudu. Akasarin mutane suna samun tsakanin 35 da 45. Ka sake aunawa a rairayi, da kan hawa, da cikin sabara, domin adadin yana ƙaruwa a kowanne. Ba a ƙidaya a ko'ina, sai inda alamomi suka yi ƙaranci, wanda kuwa shi ne halin filayenmu da dama.

4. Ka tsara kowane zango kafin ka ɗaga ƙafa

Zango shi ne tsakanin tasha da tasha, kuma a nan ake cin gasa ko a faɗi. Ana tsara shi ne daga ƙarshe zuwa farko. Ka fara duban tashar da kanta: mene ne ita, kuma ta wane gefe aka fi saurin ganinta? Tutar da ke gindin dutse ta gabas ba za ka gan ta ba idan ka ɓullo ta yamma. Daga nan ka nemi madogara, wato wata babbar alama da ba ta ɓata wadda take kusa da tashar, a mafi kyau cikin mita 100 zuwa 150, kamar mahaɗar hanya, kusurwar shinge, rijiya ko kan kwazazzabo. Sai a ƙarshe ka zaɓi hanyar da za ta kai ka madogarar.

Amfanin wannan tsari shi ne yana raba zango gida biyu. Daga tashar da ka baro zuwa madogara kana iya sakin ƙafa, kana duban manyan abubuwa kawai kana watsi da ƙanana. Daga madogara zuwa tuta kuwa sai ka rage gudu, ka ɗauki saiti da kamfas, ka ƙidaya taku, ka karanta kowane ɗigo. Matasa suna ganin rage gudu a nan asara ce, alhali daƙiƙa goma da ka bayar a nan su ne suke hana ka asarar minti uku kana zagaye wuri guda. Sauri yakan haifi nawa, kuma babu inda ya fi haifar ta kamar mita ɗarin ƙarshe na zango.

A kan hanya ka nemi dogayen abubuwa da za su yi maka jagora, irin su burtali, rafi, layin darbejiya, bakin gona ko gefen tudu. Ba dole ka taka su ba, ya isa kana ganinsu a gefe. Ka kuma duba ko akwai abin da zai tare ka a bayan tashar idan ka wuce, kamar hanya ko katanga, domin sanin yana nan yana ba ka ƙarfin zuciyar shiga da sauri.

Akwai dabarar karkata da gangan, wadda nake so kowa ya iya. A ce tasha tana kan rafi, kai kuma kana zuwa daga nesa. Idan ka nufe ta kai tsaye ka isa rafin ba ka ga tuta ba, ba ka san ko hagu za ka bi ko dama ba. Idan kuwa tun farko ka karkata dama da niyya, da ka isa rafin ka san hagu za ka juya. Ka ƙara 'yan taku, amma ka kawar da shakka.

Wajen zaɓen hanya, miƙaƙƙen layi ba koyaushe ne ya fi sauri ba. Kiyasin da ake yawan aiki da shi shi ne hawan mita 10 yana cin lokaci kusan daidai da gudun mita 100 a shimfiɗe, don haka ka ƙirga layukan tudun da za ka haura kafin ka yanke shawara. A dogon zango ka buɗe taswira ka duba nesa hagu da dama, domin masu tsara gasa sukan ɓoye hanya mafi kyau can gefe inda mai gaggawa ba ya kai ido. In ka zaɓa, ka tsaya a kan zaɓinka. Sauya shawara a tsakiyar zango ya fi zaɓen hanya ta biyu a kyau tsada.

5. Idan ka ɓace

Kowa yana ɓacewa, har zakarun duniya, bambancin yana ga saurin ganewa da saurin gyarawa. Da zarar abin da ke gabanka ya saɓa wa takarda, ka tsaya cak. Ka daidaita taswira da kamfas, ka tuna wuri na ƙarshe da ka tabbatar da shi, ka kiyasta nisan da ka yi daga can da kuma saitin da ka bi. Ka duba ko akwai wani wuri mai kama da wanda kake nema a kusa, domin sau da yawa mutum yana cikin kwazazzabon da ke maƙwabtaka ne yana tilasta wa takarda ta yarda da shi. Idan minti ɗaya ya wuce ba ka gane ba, ka ɗauki saiti zuwa babban abu mafi kusa da ba ya ɓata, hanya ko rafi ko katanga, ka sake shigowa daga can. Kada ka bi wani mai gudu, domin ba lalle tsarinku ɗaya ba ne, kuma bin sawun wani da gangan ya saɓa wa doka.

6. Ka gina jiki

Manyan tseren ɗaiɗaiku uku ne. Gajeren tsere na cikin gari ana tsara shi yadda gwani zai gama cikin minti 12 zuwa 15, matsakaici cikin 30 zuwa 35, dogo kuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Manyan 'yan gajeren tsere maza da dama suna gudun mita 5,000 a ƙasa da minti 15, don ka san irin mutanen da za ka tarar.

Ga tsarin mako da nake ba wanda ya riga ya saba da gudu. Kwana uku gudu mai sauƙi na minti 40 zuwa 60, a saurin da za ka iya magana ba ka haki. Rana ɗaya gudu mai ƙarfi a yanke-yanke, misali mita 1,000 sau biyar da hutun minti biyu a tsakani. Rana ɗaya dogon gudu na minti 90 zuwa 120, ba a kan kwalta ba. Rana ɗaya atisayen taswira da cikakken sauri, rana ɗaya kuma hutu. Sau biyu a mako ka yi aikin ƙarfafa idon sawu da cinya da ciki, musamman tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe, domin targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi addabar masu wannan wasa. Kada ka ƙara yawan gudunka fiye da kashi ɗaya cikin goma a mako. Rairayin busasshen rafi yana koya wa ƙafa ɗagawa sama kamar yadda fadamun dajin Turai suke buƙata, matakalar filin wasa kuma tana maye gurbin tudu.

Lokacin horo bayan sallar asuba ne, musamman a bazara lokacin da zafi yake haura digiri 40. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka tafi da wani ruwan, in gudun ya yi tsawo ka sa ɗan gishiri da sukari a ciki. Jiri ko ruɗewa ko tsananin ciwon kai a cikin zafi alama ce ta haɗari, ka tsaya ka nemi inuwa da taimako nan take. A watan azumi ka rage nauyi, ka mayar da aiki mai ƙarfi bayan shan ruwa, ka ba karatun taswira sauran lokacin.

7. Ka haɗa kai da ƙafa

Karanta takarda a tsaye daban ne da karanta ta zuciya tana bugawa da ƙarfi, saboda haka ko a gudun yau da kullum ka riƙe tsohuwar taswirar gasa, wadda ake samu a intanet, kana tsara zangunanta kana gudu. Ka ɗaga ta zuwa ƙirji, ka yi mata kallo gajere sau da yawa maimakon dogo sau ɗaya. Wani atisayen shi ne na hadda, inda ake barin taswira a tasha, ka duba zango na gaba, ka tafi hannu wofi. Wani kuma a buga taswirar an goge hanyoyi duka, a bar maka siffar ƙasa da itatuwa.

A ganina babban rabon ɗan Katsina yana gajeren tsere. Lungunan cikin birni, daga wajen Ƙofar Soro zuwa Gobarau, da na tsohon garin Daura a kewayen rijiyar Kusugu, suna da abin da ake nema: lungu mai ɓullewa da marar ɓullewa, kwana a kan kwana, da zaɓi tsakanin hagu da dama wanda dole a yanke cikin daƙiƙa biyu. Tun da yanzu gasar duniya takan karɓa-karɓa tsakanin shekarar gari da shekarar daji, kamar yadda aka yi ta gari a Edinbara a 2024 aka yi ta daji a Kuopio ta Finlan a 2025, mutum yana iya ƙwarewa a ɓangare guda. Sai dai unguwa ta mutane ce. Ka je ka gaida mai unguwa ka nemi izini, ka nuna masa taswirar, ka shafe zauruka da masallatai da maƙabartu da makarantun allo da launin haramci, ka kuma yi atisayen da sassafe kafin yara da babura su cika hanya. Ragowar ganuwa kayan tarihi ne, ba a hawanta. Ƙannenmu mata za su fi sakewa a harabar makaranta ko jami'a, kuma wasan nasu ne kamar yadda yake na maza: Simone Niggli ta Suwizalan ta ci zinare 23 a gasar duniya.

Atisayen daji yana da sharuɗɗa. Kada ka kusanci dajin Rugu da yankunan da ke kewaye da shi, ko duk wani wurin da ake fama da rashin tsaro. Ka tsaya kusa da gari, ku je aƙalla mutum uku, ka sanar da dagaci da 'yan sintiri, domin baƙon da aka gani yana gudu a bayan gari da takarda a hannu abin zargi ne. Da damina ba a taka shuka, sai dai a bi burtali da hanyoyin da ke tsakanin gonaki, kuma wannan lokaci yana da amfani domin gero da dawa suna rufe gani kamar yadda dajin Turai yake rufewa. Bayan girbi fili yana buɗewa, amma ka kula da kututturen kara da kuma macizai a gindin suri da ƙarƙashin duwatsu. Kwazazzabai da ramukan haƙar ƙasa da ƙananan duwatsu su ne inda za ka koyi layukan tudu a aikace.

8. Ranar gasa

Ka karanta sanarwar gasa tun daga farko har ƙarshe: ma'aunin taswira, tazarar layukan tudu, nisan wurin tashi, da lokacin rufe tashoshi. Ana hana 'yan gasa shiga yankin tseren tun kafin ranar, kuma a manyan gasa ana killace su a wuri guda ba waya har lokacin tashinsu ya yi. An haramta amfani da agogo mai GPS wajen neman hanya. Idan an shirya taswirar gwaji kwana ɗaya kafin gasa, kada ta wuce ka, domin a nan za ka ga yadda mai zanen ya fahimci dajinsu.

Ana tashi ɗaya bayan ɗaya, yawanci da tazarar minti ɗaya a gajeren tsere, biyu a matsakaici, uku a dogo. Kafin ka shiga layi ka goge katin yatsanka a na'urar gogewa ka gwada shi. Za a ba ka takardar bayanin tashoshi, wadda aka rubuta da alamomi ba da kalmomi ba, tana nuna lambar kowace tuta, da abin da take jikinsa, da gefen da aka kafa ta, don haka ka haddace alamomin tun a gida. Ba ka ganin taswira sai lokacinka ya buga. Ka nemi alwatika, ka daidaita arewa, ka tafi tasha ta farko da saurin da bai kai ƙarfinka ba, har idonka ya saba da zanen.

A kowace tasha ka duba lambar tuta ka gwada da ta takardarka kafin ka buga katin yatsanka a na'ura, ka kuma jira ƙararta ko haskenta. Tasha ɗaya da ka tsallake, ko ka buga ta wani a madadin taka, ta soke tseren duka. Ka san ta inda za ka fita tun kafin ka iso, don kada ka tsaya a bakin tuta kana nuna wa na bayanka wurin. Hankali ya fi tashi a wuri uku: bayan ka yi kuskure kana son ramawa, lokacin da ka hango abokin hamayya, da kusa da ƙarshe inda ake jin hayaniyar 'yan kallo. A duk ukun ka mayar da yatsa kan takarda. Idan ka tarar da wanda ya ji rauni, wajibi ne ka bar tserenka ka taimake shi. In kai ne ka kasa tashi, ka busa usur sau shida, ka dakata, ka maimaita. Ko da ka janye, dole ka je wurin ƙarewa ka sanar, in ba haka ba za a tura mutane nemanka.

9. Bayan gasa

Kafin ka yi hira da kowa, ka ɗauki biro ka zana hanyar da ka bi a kan taswira, har da inda ka yi ɗimuwa. Ka karɓi takardar lokutan zanguna ka gwada da na waɗanda suka fi ka. Idan kana baya da kaɗan-kaɗan a kowane zango, ƙafa ce, sai ka koma mataki na shida. Idan kuwa zango biyu ko uku ne suka cinye mintunan, ka rubuta dalilin kowanne a littafi, ko rashin madogara ne, ko saitin fita, ko gaggawa, kuma dalilin da ya fi maimaituwa shi za ka gina atisayen wata mai zuwa a kansa.

Gasar duniya ana shigarta ne ta hannun hukumar ƙasa da ke cikin IOF, amma akwai manyan gasa da kowa zai iya yin rajista da kansa, kamar O-Ringen ta kwana biyar da ake yi a Suwidin tun 1965, inda ake da rukuni-rukuni gwargwadon shekaru da ƙwarewa. Jadawalin gasannin da ake samun makin matsayin duniya yana shafin IOF Eventor. A tafiyarka ta farko ka shiga rukunin da yake ƙasa da na ƙwararru, ka isa da kwanaki kafin gasa don ka yi atisaye a dajinsu, ka sayi kamfas na yankin arewa idan naka na nan ne, ka kuma tanadi rigar sanyi da ta ruwa ko da lokacin zafinsu ne.